Yadda Na Ƙwato Tanimu Daga Ƙasar Masu Aurar da Abinci

Da sunan Wanda Ya saukar da ruwa fari tas, bai sa masa launi ba, bai sa masa wari ba. Ya fitar da gero a jigawa, Ya fitar da dawa a fadama, Ya ba ɗan Adam baki domin ci da godiya, ba domin wasa ba. Ni ce Tasalla, matar marigayi Jatau maƙeri, ta garin Rafin Kanya. Karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba, rubutun ma sai da na tsufa na koya. Mai neman ado a magana ya nemi wata. Ni abin da idona ya gani zan faɗa, kuma yawancinsa ƙazanta ne.

'Ya'yana duk mata ne sai namiji guda, Tanimu. Tun yana ƙarami Allah Ya yi masa hanci. In ana girki a bayan gari zai gaya maka gidan wa ne, har da abin da aka manta ba a sa a miyar ba. Ban taɓa ganin amfanin wannan ba, na kuma sha gaya masa. Da ya girma ƙira ta ƙi shi, noma ya ƙi shi, sai ya bi fatake yamma. Shekaru suka tafi, ba shi ba labarinsa.

Ran nan wani falke mai suna Barau ya yi sallama a ƙofar gidana, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, na ga Tanimu a Birnin Tuluna, can bayan duwatsun faɗuwar rana, ƙasar da ba a noma komai sai inabi. Ya zama babban mutum. Amma idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. In kina son ki same shi da rai, kada ki jira kaka."

Na ce, "Babban mutum a me?"

Ya sunkuyar da kai. "Giya, Inna."

Ban ƙara tambaya ba. Na ƙulle guzurina, na ɗauki sandar maigidana, na rufe ɗaki.

Na ratsa dajin da itatuwan kuka ke tafiya da rani neman ruwa. Na haye kogin da ke gudu sama zuwa kan dutse. Na wuce garin da mutanensa ke barci a tsaye kamar dawaki. Duk waɗannan ban ga laifinsu ba, haka Allah Ya yi su. Abin da ya dame ni ya fara ne ranar da na iso Tudun Tsakuwa, ƙofar ƙasar inabi.

Wurin ba ƙasa, sai tsakuwa mai zafi. A cikinta suka dasa wani yaɗo mai kama da na duma amma gindinsa itace, sun ɗaɗɗaure shi a sahu kamar fursunoni. 'Ya'yansa ƙanana ne baƙaƙe masu kaurin fata, suna kiran irin Baƙin Jarmai. A tsakiyar hanya kuwa akwai wani kwami na dutse da ya fi ɗakina faɗi, cike da inabi, maza da mata a ciki har cinya suna takawa, suna waƙa, gumi yana zuba daga hammatarsu zuwa ciki.

Mai tsaron ƙofa ya tare ni. Haƙoransa shuɗɗa ne kamar ya ci baba. Ya ce, "Tsohuwa, ba mai shiga ƙasarmu sai ya taka. Ɗage zanenki ki shiga."

Na ce, "Abin da kuke takawa da ƙafa, ina kuke kai shi?"

"Baki mana."

Na juya na tofar da yawu. Gwiwata ko maigidana bai taɓa ganinta da rana ba, ballantana wannan ƙato. Amma hanyar guda ce, kuma Tanimu yana bayanta. Na zauna a kan dutse na cire takalmi a hankali, na miƙe ƙafata ta yadda zai ga diddigen.

Ya ja baya. "Wannan fa?"

"Faso ne. Da sanyi jini yake yi. Jiya na cusa masa kitsen akuya da toka, ka ga har yanzu yana naso. Matsa in shiga."

Ya ƙwala ihu, masu waƙa suka tsaya cak. Ashe digon kitse guda yana lalata musu kwami gaba ɗaya. Suka kawo wani faifan katako suka ɗora ni a kai, maza suka ɗauke ni bisa kafaɗa suka kewaye kwamin nesa, suna roƙona kada in sauke ƙafa. Haka na shiga ƙasar, a ɗauke, ban taka komai ba.

A masaukin farko na nemi abinci. Matar gidan ta kawo nama mai kitse, an nuna wa wuta shi an janye, jini kwance a ƙarƙashinsa. Ta ajiye wani kofi mai ƙafa ɗaya kamar zalɓe, da jar giya a ciki. Ta ce, "Ga amarya, ga angonta."

Na ce ta ɗauke kofin, ta kuma mayar da naman wuta.

Ta dafe ƙirji. "Baƙuwa, a nan kowane abinci mace ne, kowace giya miji ce. Ba a barin mace ta shiga ciki ba mijinta. Baƙin Jarmai mai zafin rai ne, yana ɗaure baki kamar bagaruwa, shi ya sa aka ba shi mai kitse ta lallashe shi."

Na ce, "Mu a garinmu bagaruwa fata ake jema da ita. Wa ke ɗaura muku wannan auren banza?"

"Sarkin Hanci, a Birnin Tuluna. Na yanzu baƙo ne daga gabas, ba a taɓa yin irinsa ba."

Na gane ko wane ne. Na fita ban ci ba, domin ba sa sayar da amarya ita kaɗai.

Daga nan hanya ta gangara Kwarin Raɓa. Wuri ne mai sanyi, rana ba ta fitowa sai ta yi tsaka. Inabinsu mai siririyar fata ne, suna kiransa 'Yar Lallaɓa. Wai in ya ji ƙara sai ya yi fushi, giyarsa ta yi tsami. Don haka duk kwarin da raɗa ake magana. An ɗaure wa zakaru baki, an naɗe wa jakuna ƙafa da tsumma, mai tari sai ya hau tudu ya yi abinsa ya dawo. Matan da aka aurar wa wannan giya su ne agwagwa, da laimar kwaɗi wadda ke tsirowa a juji, da wani cuku da aka bari sai da ya yi fumfuna shuɗiya. Na gan su suna lashe fumfunar suna lumshe ido.

Garin dawar da na ƙullo ya kusa ƙarewa, ina tattalinsa. Sai na ga wani nonon inabi ya faɗo a kan hanya, ba na kowa ba. Na ɗauka na goge, na yi bisimilla na jefa a baki. Gaskiya ɗaya zan faɗa, abin da Allah Ya halitta yana da daɗi kafin su ruɓar da shi.

Wata mata ta hango ni. Ta buɗe baki kamar za ta tsaga sama, amma raɗa ce ta fito: "Tana cin jarirai!"

Su a wurinsu inabin da ba a matse ba jariri ne. Kafin in haɗiye, mutane sun fito ta ko'ina da lauje da sanduna. Sai dai a kan yatsun ƙafa suke gudu, suna zagina ƙasa-ƙasa, wanda ya taka busasshen ganye sai na kusa da shi ya harare shi. Na ga ba zan tsere musu ba da wannan gwiwa tawa. Na kutsa tsakiyar gonar, na ciro kwanon shana, na ɗaga sanda a kansa. Na ce da muryata ta gida, "Wanda ya ƙara taku ɗaya, zan buga kwanon nan, in bi shi da guɗa."

Suka daskare. Wani dattijo ya durƙusa, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Baƙuwa, don girman furfurarki, rage murya. Saura kaɗan a yi girbi."

Na ce, "Ku buɗe hanya."

Suka buɗe. Na bi sahun inabin har ƙarshen kwarin, sanda a kan kwano, suna biye da ni a nesa suna toshe bakin 'ya'yansu.

Ƙasa ta uku ita ce Dutsen Toka. Kan dutsen hayaƙi yake yi dare da rana, ƙasar kuwa toka ce mai ɗumi. Inabin nan ya fi na ko'ina girma, giyarsa wai tana da yaji kamar masoro, matarta gasasshen rago. A gefen hanya na tarar da wani tsoho yana haƙa rami a gindin wani ɗan dashe. Na yi masa sannu, na tambaye shi hanyar birni. Ya nuna mini, sa'an nan ya ce, "Kin zo wuri mai daraja, ki tsaya ki gaishe su." Ya shiga nuna itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen mutane.

Na ce, "Itace kuke raɗa wa suna?"

"Sarakunan Hanci ne. Ba sa daɗewa, aikin yana cin hanta. In ɗaya ya mutu sai mu kwantar da shi a nan mu dasa a kansa. Saiwa ta sha shi, inabi ya sha saiwa, mu kuma mu sha inabin. Babu girman da ya wuce wannan."

"Wanka fa? Likkafani? Salla?"

"A wanke shi daɗin ya tafi?" Ya buga bakin ramin da fartanya. "Wannan na baƙon nan ne. Sun ce ba zai kai baɗi ba. Wallahi mun ƙagu."

Na riƙe sandar da hannu biyu don kada ta tashi da kanta. Ɗana, wanda na goya, a zuba shi a kofi mai ƙafa ɗaya, a kurkure baki da shi. Na daure na ce, "In ya ce zai koma garinsu fa?"

Tsohon ya yi dariya. "Sarkin Hanci ba ya fita ƙofar birni. Sai fa in an kawo masa abinci ranar kasuwa ya kasa samo mata miji kafin rana ta faɗi. To, wannan a tuɓe shi, a kore shi ba takalmi, ramin ma a ba wani. Amma tun kakannina ba a taɓa yi ba."

Birnin Tuluna a cikin dutse aka fafe shi. Ƙarƙashin kowane gida kogo ne cike da tuluna, wasu sun girmi masu gidan. Ko'ina tsami yake yi kamar an kwana ba a wanke tukunyar koko ba. Aka kai ni wani zaure, na tarar da Tanimu zaune a kan kujera mai laushi, sanye da jar riga, an rufe masa hanci da ƙyallen alharini don kada iska ta taɓa shi. Ya rame, sai ciki. Ana miƙa masa kofi, ya juya shi, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya kurkura, ya tofa a wata tasa ta azurfa. Manyan mutane suna tsaye suna jiran abin da zai ce.

Da ya gan ni kofin ya kusa faɗuwa. Ya sallami mutanen, ya sauko ya durƙusa. "Inna? Ke da wa?"

"Ni da sandar ubanka. Tashi mu tafi."

"Inna, ba yadda kike zato ba ne. Ba na haɗiyewa, tofarwa nake yi."

"Wannan cikin da iska ya cika? Na ga raminka a Dutsen Toka. Har an yi dashen."

Ya ce, "Na sani. Amma a gida me nake? Wanda ya kasa riƙe guduma. Ke kanki kin ce hancina ba shi da amfani. A nan in na yi magana gari yake yin tsit."

Na ce, "Na faɗa, yanzu ma ban janye ba. Ranar kasuwa zan kawo maka abinci."

"Kada ki wahalar da kanki, Inna. An kawo mini naman kada, an kawo mini ƙwan jimina da zuma. Ban taɓa kasawa ba."

Ranar kasuwa na ari tukunya na haɗa murhu a tsakiyar fili. Na tuƙa tuwo da ragowar garin dawata. Na kwance ƙullin da ba mace mai hankali da za ta yi tafiya ba shi: kuka, daddawa, barkono, ɗan kanwa. Da daddawar ta ji wuta sai filin ya rikice. Mutanen da ke lashe fumfuna suka toshe hanci suna kakarin amai. Na ce a raina, ku ji da shi.

Uwar Tuluna, wadda ke mulkin birnin, ta zo a kan kujerar da ake ɗauka. Tsohuwa ce kamar ni, leɓenta baƙi. Ta dubi miyar tana yauƙi, ta ce, "Wannan abinci ne ko abin da aka riga aka ci?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, budurwa ce daga garinmu. A nemo mata miji."

Aka zaunar da Tanimu, aka cire masa ƙyallen hanci. Suka miƙa masa wani ƙarfe mai yatsu da suke cin abinci da shi. Ya duba ƙarfen, ya duba tuwon, ya ajiye ƙarfen ya nemi ruwa ya wanke hannu. Ya yanko loma ya dangwala ya kai baki.

Aka fara kawo angwaye. Baƙin Jarmai ya zo, Tanimu ya kurɓa ya ɓata fuska, ya ce, "Faɗa za su yi. Da daddawa ya haɗu sai ya koma kamar tsatsar ƙarfe." Aka kawo 'Yar Lallaɓa, ya ce, "Barkono ya kashe ta tun a ƙofa." Aka kawo ta Dutsen Toka, ya ce, "Wuta a kan wuta, gidan zai ƙone." Aka shiga koguna ana fito da tuluna masu yanar gizo, na tudu da na kwari, na bakin teku, na shekarar fari, na shekarar ambaliya. Yana ci, yana kurɓa, yana tofarwa. Ni dai ina lura da abu guda, tuwon ba ya tofar da shi.

Rana ta yi ja. Uwar Tuluna ta fara zufa. Ta sa aka buɗe kogonta na kanta, aka ɗauko wani ɗan tulu da aka toshe da kaki. Aka zuba. Tanimu ya kai hanci, sai na ga ƙofofin hancin sun buɗe, idonsa ya yi haske. Ya kurɓa, ya riƙe a baki. Filin ya yi tsit. Ya ɗago ya dube ni. Ban sauke idona ba.

Ya tofar. Ya kife kofin. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba ta da miji a ƙasar nan. Ruwan randa kawai ta sani."

Abin da ya biyo baya ba daɗin gani. Suka yage masa jar rigar, suka cire masa takalmi, suka watsa masa abin da ke cikin tasar azurfa. Mata suna kuka kamar an yi mutuwa. Uwar Tuluna ta ce a fasa tukunyar da na yi girki, a kankare ƙasar wurin, a fitar da mu kafin duhu. Na yafa masa mayafina, na ba shi sandar ubansa ya dogara.

Sai da muka bar ƙasar inabi, muka zauna a bakin wani rafi, sa'an nan ya yi magana. Ya ce, "Inna, na ƙarshen nan ya dace. Wallahi kamar don ita aka yi shi."

Na ce, "Na ga hancinka. Je ka wanke bakinka, ka zo ka ja mu salla."

Ciwon bai bar shi ba, ya riga ya ci wuri. Amma ya ga damina biyu a Rafin Kanya. Yana zama a ƙofar gida, mata suna kawo masa daddawa da man shanu ya sunsuna ya gaya musu na kirki da na algus, har 'yan kasuwa suka fara jin tsoronsa. Ranar da ya cika, maza suka yi masa wanka da ruwan rijiyarmu, aka sa shi a farin likkafani, liman ya sallace shi, aka kai shi kusa da ubansa. Na sa surukina ya zuba ƙaya a kan kabarin, na ce ko yaɗon kabewa ya gani ya nufi wurin ya tumɓuke shi.

Iyakar tafiyata ke nan, iyakar abin da na gani. Mutanen Dutsen Toka suna can da raminsu. Ɗana dai ba wanda ya sha shi.